Tsohuwar kujerar fata mai tambarin Maple & Co: a sauya fatar ko a bar ta?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan wata kujera da muka gada, don a gida an sa ni gaba, kowa da abin da yake faɗa.

Kujera ce ta zaman mutum ɗaya, mai hannu biyu, mazauninta da zurfi, an lulluɓe ta da jar fata mai duhu, wajen jinginar kuma maɓallai ne a lotse cikin fatar, layi bisa layi. Ƙafafun gaba an sassaƙa su a mulmule, ƙarƙashin kowace akwai 'yar taya ta tagulla. Kakanmu ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen kamfanin ciniki a bakin Binuwai, zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Garwa, a arewacin Kamaru, da damina, su sauke gishiri da yadi su ɗauki gyaɗa da auduga. Da Baturen zai koma ƙasarsu, gab da samun 'yancin kai na 1960, ya bar masa ita. Daga kaka ta koma hannun mahaifinmu, Allah ya jiƙansu duka.

Bara ƙafar baya ta hagu ta saki, na kai wa wani kafinta mai haƙuri ya gyara. Da ya kifa ta ya ɓalle baƙin ƙyallen da ke ƙasa, sai ga wani ɗan faranti fari-fari, bai kai tsawon yatsa ba, an kafa shi da ƙananan ƙusoshi a jikin katakon. An rubuta: MAPLE & Co LTD, TOTTENHAM COURT ROAD, LONDON. A ciki kuma babu soso ko kaɗan. Sifirin ne na ƙarfe an ɗaɗɗaure su da igiya, bisa wasu faffaɗan ɗamaru na algarara, sai wani baƙin gashi mai kauri a cuccure.

Katako dai yanzu ya tsaya daram. Fatar ce matsala. Ta hannayen biyu ta tsattsage ta yi baƙi, ta mazauni ta yage wajen gaba, amma ta jingina da ta gefe suna nan lafiya, har da sheƙinsu. Mai kushin na unguwarmu ya ce in ba shi jaka arba'in ya kwashe komai, ya zuba soso, ya ja sabuwar leda, a cikin mako ɗaya in karɓi abina. Yayata ta ce a yi haka a huta. Ƙanena ya ce ya ga irinta a intanet da tsada, a sayar a raba kuɗin. Ni kuwa zuciyata ba ta yarda da ko ɗaya ba. Su wane ne Maple ɗin nan? Shekarunta za su kai nawa? Sannan fatar, a sauya ta ko a bar ta?

Malamin Tarihi, Ngaundare:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakatar da mai kushin tukuna, abin da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne.

Maple & Co kanti ne na kayan ɗaki a birnin Landan. John Maple ya buɗe shi a titin Tottenham Court Road a 1841, shekara huɗu ke nan da hawan Sarauniya Biktoriya gadon sarauta. Ɗan ƙaramin shago ne da farko. Wanda ya bunƙasa shi ɗansa ne, John Blundell Maple, wanda aka haifa a 1845 ya rasu a 1903. A hannunsa kantin ya riƙa haɗiye gidajen da ke maƙwabtaka da shi har ya cinye layi guda, suka kai ga tallata kansu da cewa duk duniya babu wurin sayar da kayan ɗaki da ya kai nasu girma. Mutumin ya yi arziki ƙwarai, ya shiga majalisar dokokin Ingila a 1887, ya yi kiwon dawakan sukuwa, kuma da kuɗinsa aka sake gina asibitin University College da ke kusa da kantin, wanda aka buɗe a 1906 bayan rasuwarsa.

Abin da ya shafe ka shi ne yadda suke ciniki. Suna buga littafin hotunan kaya mai kauri, mutum yana Indiya ko Masar ya zaɓa, ya aika da wasiƙa, a ɗaure masa kayan a akwatin katako a sa a jirgin ruwa. Manyan otal-otal da ofisoshin jakadanci da fadoji sun sayi kayansu, har da fadar Sarkin Rasha Nikolas na Biyu. Suna da reshe a Paris, suna da wani a Buenos Aires ta Ajantina. Don haka kujerar Maple a Garwa ba abin mamaki ba ce. Garin ya ga Jamusawa daga 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace shi a 1915, kuma kayan 'yan kasuwar Turawa ta kogin Neja suke shigowa, su karya su shiga Binuwai a Lakwaja, su wuce Yola su iso nan.

Batun shekaru, kalmar LTD da ke kan farantin ita ce madogararka. A 1891 kamfanin ya zama na masu hannun jari ya fara sa ta a sunansa. Ke nan kujerarka ba ta riga 1891 ba. Tana iya zama ta shekaru goman ƙarshe na Biktoriya, wadda ta rasu a 1901, tana kuma iya zama ta bayan haka, domin sun ci gaba da yin wannan samfuri shekaru masu yawa saboda yana tafiya a kasuwa. Kada ka bari wani ya yanke maka shekara ɗaya daga faranti kaɗai. Ka kuma sani Maple suna da ma'aikatar kansu, amma suna saye daga ƙananan kafintocin Landan su sa tambarinsu, don haka farantin yana shaida inda aka sayar da ita ne kafin komai. Kamfanin ya haɗe da wani kamfanin kayan ɗaki mai suna Waring & Gillow a 1980, ya durƙushe a 1997.

Baba Mai Kushin, Marwa:

Malam ya gama nasa, Allah ya ƙara ilimi. Ɗana, ni aikin hannu zan yi maka magana a kai, don tun ina saurayi nake wannan sana'a.

Baƙin gashin nan da ka gani gashin doki ne, na wutsiya da na geza, an murɗe shi an dafa shi don ya cure ya riƙa tashi in an danne shi. Kada ka yarda a zubar da ko tafi ɗaya. Ana fitar da shi a wanke da ruwan sabulu, a shanya a inuwa, a tsefe shi da hannu, ya koma yadda yake. Soso a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu shekara nawa zai yi kafin ya fara marmashewa? Gashin nan ya riga kakanka zuwa gidan Baturen, ga shi har yau. Sifirin ma in bai yi tsatsar da ta cinye shi ba, nasa ne za a mayar. Abin da ke mutuwa a irin wannan kujera ɗamarar algarara ce da igiyar ɗauri, su ne za a sabunta, kuma ba su da tsada. A ɗaure kowane sifirin gaba da baya, dama da hagu, in aka yi ha'inci a nan mazaunin zai karkace cikin wata uku.

Ka hana kowa kusantar katakon da bindigar ƙusa. Tsohon katako ya riga ya sha huda, da ƙananan ƙusoshi ake binsa a hankali, inda ramukan suka yi yawa a cike su da garin katako da gam kafin a sake kafawa. In ka ga ƙusar bindiga ko sukurun da kansa ke da gicciye a wani wuri, to wani ya taɓa gyara ta daga baya, don masu aikin farko sukuru mai tsaga ɗaya suke amfani da shi.

Yanzu fata. Ka jiƙa yatsa kaɗan ka goga a wurin da ya tsage. In wani jan gari ya biyo yatsanka kamar garin barkono, fatar wurin ta ruɓe daga ciki, babu man da zai tashe ta. In babu gari, bushewa ce kawai ta hunturu, ana iya ceto ta. Sannan ka duba fatar da kyau a rana. In tana da ƙananan ƙuraje a jere, kuma ka ga ɗinki ko haɗi a wurare da yawa, ta akuya ce, domin fatar akuya ba ta da faɗin da za ta rufe jingina da guda ɗaya. Turawa suna ce mata fatar Maroko don ta can take isa gare su, amma da yawa daga cikinta fatar jar akuya ce ta ƙasar Sakkwato da Kano, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa, fatake suka tsallaka Sahara da ita a kan raƙuma. Wannan magana tana taɓa ni, don har yau a majemar Marwa da bagaruwar nan ake jima, dukawa kuma suna rina ja da karan dafi. Wanda zai sa maka leda a inda hannun majemi ya taɓa zama, bai san darajar abin da ke gabansa ba.

Shawarata: a bar ta jingina da ta gefe yadda suke, kada a taɓa maɓalli ko ɗaya. Lotsa maɓallan nan shi ne aiki mafi wuya a kujerar, kuma masu iya shi sun yi ƙaranci. A sauya ta mazauni da ta hannaye in sun ruɓe, da fatar akuya jemammiya, a rina ta a yi ta gwadawa a kan ƙyalle har launin ya kusanci na tsohuwar. Ba zai zo daidai ba, kuma ba laifi, in an zauna a kai shekara biyu zai yi duhu.

Kada a shafa wa tsohuwar man gyaɗa ko man shanu. Majema suna sa mai a sabuwar fata lokacin jima, wannan daban. A tsohuwa sai ya yi ɗoyi, ya kama ƙura, ya kira tururuwa da ɓera. Tsumma mai ɗan laima, sannan kakin zuma kaɗan a murza da tafin hannu, ya isa.

Hajiya, Ndjamena:

Sannunku da ƙoƙari. Ni kayan ɗaki nake sayarwa, bari in taɓa ɓangaren ƙanenka. Farashin da ya gani a intanet na kujerar da ke zaune a kanti ne a Turai, an gama gyara ta, mai saye yana iya zuwa ya zauna a kai. Taku sai ta hau mota zuwa Ngaundare, ta hau jirgin ƙasa, ta isa Duwala, a biya kwastan da jirgin ruwa. Dillalin da zai zo ƙofar gidanku duk ya lissafa wannan, abin da zai miƙa muku ba zai kai yadda yaron yake zato ba. Ku kuma yi hattara da wanda zai ce ku sayar masa da farantin kaɗai, a wata kujerar zai kafa shi ya cuci wani.

Amma Yaya, akwai inda ban bi Baba gaba ɗaya ba. Shi yana kallon kujera, ni ina kallon gida. In kayan gado ce ba a raba ba, yayarka da ƙanenka suna da haƙƙi a ciki, ba ra'ayi kawai suke bayarwa ba. Ku sa mutum biyu masu gaskiya su yi mata kuɗi a yadda take yanzu, ka biya su rabonsu ko a cire daga naka, sannan ka yi gyaran da ranka yake so da kuɗinka. In ba haka ba, duk jakar da ka kashe a kanta za ta zama abin magana ranar da aka zo rabo.

Ɗan Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganarki ta shiga, na kai ta gaban kawunmu, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a yi mata kuɗi.

Baba, na yi gwajin da ka ce. Hannun dama ya ba da jan gari sosai, har ya ɓata mini riga. Na hagu bai bayar ba, tsagewa ce kawai. Mazaunin ma akwai garin a wajen yagewar. Ƙurajen da ka faɗa suna nan, kuma na ga haɗi biyu a jingina, an ɓoye su cikin lanƙwasar da ke tsakanin maɓallai, sai da na buɗa da yatsa na gan su. Sukurun tayoyin duk masu tsaga ɗaya ne. Abu ɗaya ya dame ni: a katakon ƙasa na baya akwai ƙananan ramuka, baki-ɗaya ba su fi kan allura ba. Sannan in hannu ɗaya ne ya lalace, shi kaɗai za a sauya?

Baba Mai Kushin, Marwa:

Ta akuya ce ke nan, madalla. Hannaye kuwa biyun za a sauya tare, ido ba ya jure ɗaya sabo ɗaya tsoho. Fatar hannun hagu da za a cire kada a yar, da ita za a yi faci daga ciki in wani wuri ya tsage a gefe nan gaba.

Ramukan nan na ƙwaron katako ne. Ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashin kujerar ka bar ta mako biyu ba a motsa ta ba. In ka tarar da farin gari ya zubo, ƙwaron yana nan da rai, sai a ɗura maganin katako cikin kowane rami da sirinji kafin a fara wani aiki. In ƙyallen ya fito tsaf, tsohon rami ne, a toshe da kaki. Kafin nan ka janye ta daga jikin bango saboda gara, ka kuma auna mini faɗin mazaunin da tsawon hannayen, in san yawan fatun da zan sa a ware maka a majema.