Abin da masu karatu suka ce a nema kan sauyin yanayi, jari-hujja da yaƙi

A wata tattaunawa ta masu son karatu, an fi daɗewa a kan littafin marubuciya Naomi Klein na 2014 kan sauyin yanayi, This Changes Everything. Hujjarta ita ce tsarin jari-hujja, mai neman riba ko ta halin ƙaƙa, ba zai rage ƙona fetur da kwal don raɗin kansa ba. Wasu sun ce ta cika zafi, don haka a haɗa da rahotannin IPCC, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, duk da wuyar karatunsu. Ina goyon bayansu, domin wanda ya san yadda Tafkin Chadi ya ƙanƙance tun shekarun 1960 yana buƙatar alƙaluma a hannu.

Kan iyalan da yaƙi ya raba kuwa, kusan baki ya zo ɗaya a kan Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, labarin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. A cikin wannan ƙagaggen labari, wata mata mai suna Kainene ta tsallaka fagen daga don fatauci, ba ta dawo ba, 'yar'uwarta Olanna ta yi ta cigiya har littafin ya ƙare. An ja hankalin mai karatu ɗan Arewa cewa akwai kashe-kashen 1966 a Kano a ciki, ya daure ya karanta, kada ya tsallake shafukan.