Ambirayaj (kuloci) ɗin motar Samurai ya fara zamewa, wa ya taɓa canzawa?

Mai Samurai, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Suzuki Samurai gare ni mai inji 1.3, da ita nake kai maganin dabbobi rugagen wajen Abalak. Sati biyu ke nan, in na ba ta wuta a bitis na huɗu sai inji ya yi ta kuka, gudu kuwa bai ƙaru ba. Jiya cikin yashi ƙauri ya cika motar har yarona ya ɗauka wuta ce ta kama. Makanikina ya ce disk ɗin ambirayaj, faifan da ke haɗa inji da bitis, shi kaɗai za a sake. Waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka ƙare?

Direban hanyar Cintabaradan:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kwance komai duba kabil, wayar da ke tashi daga fedal zuwa ambirayaj. Samurai da kabil take aiki, in ya ɗaure da yawa sai ambirayaj ya riƙa zamewa ko da disk na da sauran rai. Fedal na son ɗan wasa a sama, kamar faɗin yatsa, kafin ka ji nauyinsa. In wannan daidai ne, ja birkin hannu, sa bitis na uku, saki ƙafa sannu. Inji ya mutu, da sauranta. Ya ci gaba da juyawa, to ta ƙare.

Alhaji mai Vitara, Yamai:
Ƙanena, ni kuskurena zan ba ka, kada ka bi sawuna. Disk kaɗai na canza don ragin kuɗi, na bar tsohon filato mai matse disk, da bute, wato rulma (boris) mai tura filaton in an taka fedal. Wata uku ba a cika ba, duk na taka fedal sai ƙugi, na saki ya yi shiru. Bute ce ta gaji. Haka aka sake sauke buwat, wato akwatin bitis, na biya kuɗin hannu sau biyu, ga yini biyu mota na kwance a garaji, ga ƴan makaranta ina nema musu kabu-kabu. Abin ya ƙona mini rai, don makanikin ya faɗa mini tun farko, ni ne na ƙi ji. Wahalar duk wajen sauke buwat take. Tunda an buɗe, sa ukun gaba ɗaya.

Hajiya mai Jimny:
Gaskiyar Alhaji. Tawa kuma wani abu daban ya ci ta: mai ne ke ɗiga daga bayan inji yana jiƙa disk. An sa sabo, bai jima ba ya koma zamewa. Wata ƴar roba ce mai tare mai, kuɗinta bai kai na kajin miya ba. A ce a duba ta.

Makaniki, Sabon Gari:
Hajiya, juwan sifi ke nan, kuma ko ya yi kamar lafiya lau ni sakewa nake. Maigida mai Samurai, motarka tana da sauƙin aiki, don tarasfer ɗinta, akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, a ware yake da buwat, ɗan gajeren kardan (sandar ƙarfe mai juyawa) ne ke haɗa su. Ka cire kardan da dimarer mai tada inji da sandar bitis, buwat ta sauko, mutum biyu sun ɗauke ta. Ba kamar RAV4 ba mai inji a gicciye, wadda sai an kwance rabin gabanta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gaggawar yara. Ba su duba fuskar bolan, faffaɗan ƙarfen bayan inji da disk ke mannewa a kai: in ta yi shuɗi ko ta tsattsage saboda zafi, sai an kai an goge ta, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa wajen tashi. Akwai kuma ƙaramin rulma a tsakiyar bolan, shi ma mantawa ake. Disk yana da gaba da baya, kuma sai an daidaita shi a tsakiya da tsohon sandan buwat kafin a ɗaure filato. Na ga wanda ya jawo buwat da ƙarfin ƙusoshi don ta ƙi shiga, ya lanƙwasa sabon disk nan take. Man shafawa a haƙoran sanda kuwa kaɗan, ɗan lakuce.

Kaya: ni Exedy ko Aisin nake sa wa motocin Japan. Ka tafi da tsohon disk ɗinka a gwada faɗi, a ƙirga haƙora. Kwali ba shaida ba ne, jabu ya yi yawa.

Direban hanyar Cintabaradan:
Wani abu kuma Malam. In ka shiga yashi, 4L kake sawa, bitis mai ƙarfi da ke jan tayoyi huɗu a sannu, ko rabin ƙafa kake yi a kan fedal ɗin ambirayaj? Galibin disk ɗin da na ƙona ina sabon direba, rabin ƙafa ne ya ƙona su. Tsaya tun kafin yashin, kulle tayoyin gaba, sa 4L, rage wa tayoyi iska, ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya daga fedal.

Mai Samurai, Tawa:
Allah ya saka da alheri. Wallahi rabin ƙafa nake yi, ƙyuyar sauka in kulle tayoyi ce ke hana ni. An buɗe yau da safe: disk ya cinye har ƙusoshinsa sun fara zanen bolan, bayan inji kuma jiƙe da mai kamar yadda Hajiya ta ce. Disk da filato na samu nan Tawa, bute ce babu. Na aika wa ɗan yayata a Yamai da hoton tsohuwar, gobe zai nemo ya sa a motar safe. Malam makaniki, wa ke goge bolan da kyau a garin nan?