Wa ya taɓa shiga Eko Atlantic? A zo a ba mu labari

Ɗan canji a VI (Victoria Island): Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Ikko. Maigidana na Kano ya kira ni jiya bayan isha'i, wai wani dillali ya turo masa bidiyon filat a Eko Atlantic, sabuwar unguwar nan da aka cike teku aka gina a gefen VI, yana so in je in gano masa kafin ya zuba kuɗinsa, kuma da iyali yake son ya riƙa sauka ba shi kaɗai ba. Ni kullum ina bin Ahmadu Bello Way ina hango benayen amma ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Wanda ya shiga ko yake aiki a can don Allah ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, ban da na talla.

Mai gadi ɗan Katsina: Wa alaikumussalam Alhaji. Ni a ɗaya daga cikin dogayen benayen nake gadi. Maganar kyau kam ba a magana, babban titin layi 8 ne, ba rami ko ɗaya, ba wayar wuta tana reto a sama duk a ƙasa aka binne, kuma ranar da aka kwana ana ruwa VI ta cika har motoci suna mutuwa a hanya mu a ciki kafin azahar kwalta ta bushe. Ba ka jin ƙarar janareto gida-gida irin na Obalende. Amma fa rana, wallahi rana. Bishiyoyin ba su girma ba tukun, daga get zuwa wurin aikina ba inuwar da zan raɓa, ga acaba an hana a ƙaramar hukumarmu ta Eti-Osa tun 2022, in ba ka da mota sai dai sayyada. Abinci a kula nake tahowa da shi don ban ga mai shayi ko mai tuwo ba, salla kuma a lungun wurin fakin muke shimfiɗa tabarma ni da direbobi, ranar Juma'a mu fita waje.

Tsohon mai doki: Yaro, wurin da kake gadin nan ruwa ne da, bakinsa kuma Bar Beach. A nan na ci abinci da doki shekaru masu yawa, ranar salla da kirsimeti ba masaka tsinke, yara su hau a ɗauke su hoto, ga masu suya ga masu rake, ga masu fararen riguna can gefe suna ta addu'o'insu har asuba. Ba wanda zai tambaye ka wurin wa ka zo. Amma gaskiya ɗaya ce, tekun nan ta addabi mutane, ta sha hawowa ta rufe Ahmadu Bello Way ta zubar da yashi a ƙofar ofisoshi, kuma a watan Agustan 2012 ta kwashe mutane a bakin ruwan Kuramo, Allah Ya ji ƙan musulmi. Tun da aka yi katangar dutsen da ta tare tekun ban ƙara ganin ruwan teku a kan titin nan ba. Abin da ke cina kawai, jikokina an haife su a Legas amma sai na biya kuɗin shiga kafin su taɓa ruwan teku.

Direban tifa: Baba Allah Ya ƙara lafiya, mu muka yi dakon dutsen katangar nan, don haka in ana maganar ƙarfi a tambaye ni. Tun wajen 2008 aka fara cikon, jirgin ruwa ne ke zuƙo yashi daga can cikin teku yana fesowa, mu kuma muna juye duwatsu, a samansu a jera wasu tubalan kankare masu ƙahonni kowane tan 5, suna sarƙe juna yadda igiyar ruwa in ta daka sai ƙarfinta ya watse. Tsawon da aka tsara wa katangar kilomita 8 da rabi ne. A 2013 Jonathan da Fashola da Bill Clinton duk sun zo bikin ƙaddamar da wurin. Kuma Amurka da kanta a ciki take gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta, kuna ganin waɗannan za su kai kuɗinsu inda zai nutse? Alhaji ka ce wa maigidanka ya saya kawai.

Mai zanen gine-gine, Yaba: Yayana direba ba a ce katanga ba ta da ƙarfi ba, tambayar ita ce ko Bahaushe mai iyali zai ji daɗin zama. Tukuna ma, abin da ya cinye Bar Beach tun asali shingayen dutsen da Turawa suka yi ne a bakin mashigar jiragen ruwa farkon shekarun 1900, su suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, gabas ta yi ta zaizayewa. Na shiga filat biyu a can da aiki. Gilashi ne daga ƙasa har sama, kallon teku kam sai wanda ya gani, amma gilashi a ranar Legas tanda ne in esi ya tsaya, ga iskar gishiri da ke cin ƙarfe, duk wanda ya zauna bakin ruwa ya san yadda tsatsa ke gamawa da esi da ƙyauren taga. Sannan tsarin cikin na mata da miji da 'ya'ya biyu ne. Ana buɗe ƙofa baƙo yana tsakiyar falo, kicin na kallonsa, ba zaure ba tsakar gida. Mu da baƙi ke sauka mana ba sanarwa su yi sati uku, ina za a kai su? Kuma ragon layya a hawa na 20 za a ɗaure shi ko a lifta?

Mai gadi ɗan Katsina: Hhhh malam ka tuna min, bara wani oga a can Agege ya sa aka yanka masa aka kawo naman a but.

Maman 'yan biyu: Ku bar ni in yi magana tunda ni ce a kicin ɗin. Girki nake wa wasu a can, kullum daga Idi-Araba nake tasowa kafin gari ya waye. Hajiyata tana son wurin sosai kuma ban ga laifinta ba, ruwa ba ya yankewa, yara suna tuƙa kekensu da yamma ba tsoron motocin danfo, ga wurin iyo a ƙasa, dare shiru kamar ba a Legas ba. To amma shirun ne ma yake damuna, wata nawa ina zuwa ban san sunan matar da ke ƙofar da ke kallonmu ba, ba barka ba gaisuwar mutuwa ba aron ludayi. Turmi kuwa ba a isa ba, na ƙasa za su bugo waya, ranar da na soya manja abin nan mai jin hayaƙi ya ɗau kuka sai da sikiriti suka hawo. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya duk a jakata nake shigo da su. Ɗakin 'yan aiki kuma ki sa katifa ki rasa inda za ki yi salla, shi ya sa nake komawa gida ko da gosulo zai kai ni tara na dare. Alhaji in matar maigidanka mai son jama'a ce a fara kai ta ta kwana biyu ta ji.

Mazaunin Ajah: A ƙara da wannan, ku zo Alpha Beach da Okun Alfa ku ga yadda ruwa ya ci ƙasa, inda muke zama shan iska da yanzu teku ce. Mutanen garin suna cewa tun da aka tare ta can sai ta huce a kansu, masu aikin kuma sun ce zaizayar ta girmi katangarsu. Ni dai haya nake, ruwa na matsowa zan naɗe tabarmata.

Mai zanen gine-gine, Yaba: Kuma ku duba lissafinsu da kansu, mutum 250,000 za su zauna, 150,000 su riƙa shigowa aiki kullum su fita. Mu ne na biyun nan, mai gadi da Maman 'yan biyu da direbobi, kuma har yanzu fili ya fi gini yawa, ranar da ya cika ina son ganin yadda Ahmadu Bello Way za ta ɗauke mu da safe.

Ɗan canji a VI: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ranar Asabar zan je in sha Allah, zan tambayi kuɗin hidimar shekara da ko a dala ake biya, in ga ɗakin baƙi da na direba da idona, Hajiya kuma zan ce a kawo ta ta gani kamar yadda Maman 'yan biyu ta ce. Ɗan Katsina ka turo min lambarka ta inbox, kuma wane get ya fi kusa da ku, don ni ma ba mota zan zo da ita ba.

Mai gadi ɗan Katsina: Na tura Alhaji. Ka zo kafin goma kuma ka taho da lema.