Zan fara gadin dare a gonar kiwon dawaki lokacin haihuwar goɗiyoyi: me zan tarar?

Sabon Ɗan Barga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar kiwon dawaki. An ɗauke ni aiki a wata gona da ake kiwon dawakin tsere domin su hayayyafa, kuma daga wata mai kamawa za a sa ni cikin masu kwana a barga, saboda goɗiyoyi 28 ne ke da ciki a bana. Na shekara huɗu ina kula da dawakin hawa, na iya wanke doki da ɗaura sirdi, ina kuma gane wanda cikinsa ke ciwo, amma ban taɓa tsayawa a kan goɗiya tana haihuwa ba. Shugaban barga ya ce mini aikin bai wuce in zuba ido in kira shi idan na ga wani abu ba. Matsalar ita ce ban san mene ne wannan "wani abu" ba, kuma ina jin nauyin in tashe shi tsakar dare a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ina so in san yadda dare da yini suke tafiya a wannan lokaci, da abin da idan na gani zan yi shiru, da abin da ba a jira a kansa.

Tsohon Mai Gadi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da sanin cewa mafi yawan aikin nan jira ne. Cikin goɗiya yakan kai kwana 340 a matsakaici, amma wadda ta haihu a kwana 325 da wadda ta kai 360 duk lafiyarsu ƙalau, saboda haka ranar da aka rubuta a allon ƙofar ɗakinta hasashe ce kawai. Ita kuma dabba ce da asalinta a daji farautarta ake yi, shi ya sa take son haihuwa cikin duhu da shiru, galibi tsakanin ƙarfe 10 na dare da asuba, kuma tana iya jinkirta naƙuda idan ta ji ido a kanta. Akwai wadda na kwana goma sha ɗaya ina gadinta, a dare na ƙarshe na zaga duba wata a can ƙarshen barga, kafin in dawo na tarar da duƙushi kwance a bayanta yana girgiza kunnuwa.

Da ka karɓi aiki da yamma, kada ka zauna sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da fitila. Ka duƙa ka dubi hantsa: takan fara cika makonni kafin haihuwa, amma idan ka ga wani abu kamar kakin zuma ya daskare a kan nonon, to yawanci saura kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma sa'o'i. Ka taɓa naman da ke gefen gindin wutsiya, idan ya saki ya yi laushi, lokaci ya matso. Sai dai 'yan fari ba su cika bin wannan ƙa'ida ba, wata takan haihu hantsarta ko cika ba ta yi ba, don haka su ne ka fi sa wa ido. Daga nan sai zagaye duk bayan minti 15 zuwa 20, ba tare da kunna babbar fitila ko buga ƙofa ba.

Naƙudar farko tana kama da ciwon cikin da ka riga ka sani: tana kai da komo, tana gumi a wuya da kafaɗa, tana waiwayen kwiɓinta, ta kwanta ta tashi, ta yi kashi kaɗan-kaɗan. Wannan yana iya ɗaukar sa'a ɗaya zuwa huɗu, kuma naka a nan shi ne ka naɗe mata wutsiya da bandeji mai tsabta, ka wanke bayanta, ka koma gefe. Amma da zarar faya ta fashe, ka dubi agogo ka rubuta lokacin, sannan ka kira shugaban naka ko ƙarfe nawa ne, domin daga nan zuwa fitowar ɗan bai kamata ya wuce minti 20 zuwa 30 ba. Cikin minti biyar zuwa goma za ka ga wata jaka fara-fara mai sheƙi ta leƙo, a cikinta ƙafar gaba ɗaya, ɗayar tana biye da ita kaɗan, tafin kofato yana kallon ƙasa, sai hanci a bisansu. In ka ga haka, ka kame hannunka. In kuwa ƙafa ɗaya ce kawai, ko hanci babu ƙafa, ko kofato yana kallon sama, ko minti goma sun wuce tana yunƙuri babu abin da ya fito, to likita ake nema nan take, kuma kafin ya iso ka tashe ta ka riƙa zagayawa da ita domin yunƙurin ya lafa.

Abu ɗaya ne ba ka jiran kowa a kansa. Idan a maimakon farar jaka ka ga ja jawur mai kauri kamar karammiski, mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun ɗan bai fito ba, ma'ana iskar da yake samu daga uwarsa ta yanke. Ka yanka jakar da almakashi ko ka yage ta da hannu a take, ka kama ƙafafun ka taimaka ya fito. Saboda wannan kaɗai almakashi ba ya barin aljihuna a lokacin haihuwa. Bayan ya fito ka cire masa yanar da ke hanci, kada ka yanke cibiya, za ta tsinke da kanta idan uwar ta miƙe, sai ka shafa wa cibiyar aidin mai ƙarfi.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Baba ya gama magana a kan haihuwar kanta, kuma ina roƙon mai tambaya ya sake karanta batun jar jakar nan har ya haddace. Wuri ɗaya kawai zan saɓa masa cikin girmamawa: aidin mai ƙarfi yana ƙona fatar cibiya, kuma naman da ya ƙone ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Yanzu an fi amfani da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kulohekzidin da aka tsarma da ruwa, ana tsoma cibiyar a ciki sau biyu ko uku a rana a kwanakin farko.

Abin da nake so in ƙara shi ne aikin da ke biyo bayan haihuwa, domin a nan ne masu gadi suka fi sakin jiki, sun ga ɗa ya fito da rai sai su ɗauka an gama. Akwai ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wato ɗaya, biyu, uku: duƙushi ya miƙe cikin sa'a ɗaya, ya kama nono cikin sa'a biyu, mabiyiya kuma ta faɗo cikin sa'a uku. Dalilin matsawa a kan nono shi ne, mabiyiyar goɗiya ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki, saboda haka ana haihuwarsa ne ba shi da kariya, duk abin da zai samu yana cikin dakashi. Hanjinsa kuma yana karɓar waɗannan sinadarai sosai ne a sa'o'i shida zuwa goma sha biyu na farko, kafin a cika sa'a 24 ƙofar ta rufe. Kada ka yarda da ganin kansa a ƙarƙashin uwa kawai, domin wani yakan tsotsi cinya ko gefen hantsa. Ka durƙusa ka ga nonon a bakinsa, ka ga maƙogwaronsa yana haɗiya. Idan uwar ta kwana biyu tana zubar da nono kafin ta haihu, ka faɗa wa likita, domin mai yiwuwa dakashin ya tsiyaye a ƙasa. Mukan ɗebi jinin ɗan bayan sa'a 12 zuwa 24 mu auna. Idan garkuwar ta haura miligiram 800 a kowace desilita, ya wadatu, idan ta gaza 400 kuwa sai an ƙara masa ruwan jini ta jijiya.

Mabiyiya kuma kada ka ja ta ko da wasa. Ka ƙulle ta da igiya ta yadda ba za ta taka ba, nauyinta zai taimaka ta sauko. Idan ta faɗo, ka shimfiɗa ta a ƙasa ka duba rassanta biyu masu kama da ƙaho, musamman ƙarshen ƙaramin, wanda ɗan bai kwanta a cikinsa ba, domin shi ne ya fi yagewa ya saura a ciki. Guntun da bai kai tafin hannu ba ya isa ya ruɓe ya jawo zazzaɓi da kumburin cikin kofato, wanda kan iya nakasa goɗiya ko ya kashe ta. Ka ajiye ta a bokiti har likita ya gani da safe. Ka kuma lura da kashin farko na ɗan, baƙi ne mai tauri. Idan yana ta yunƙuri yana ɗaga wutsiya babu abin da ke fita, yana bukatar a yi masa famfo ta dubura. Goɗiya mai shekaru da ta haihu sannan ta kama rawar jiki da gumi, dasashinta ya yi fari fat, wataƙila jijiyar mahaifa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. Wannan kada ka zagaya da ita, ka bar ta cikin natsuwa ka kira mu.

Mai Kula da Rajista ya amsa:

Tunda ka tambayi yadda yini yake, bari in ɗauka daga inda masu gadi suke miƙa aiki. Da sassafe ana karanta littafin dare, shi ya sa rubutunka yake da muhimmanci: lokacin fashewar faya, lokacin fitowa, miƙewa, shan nono, kashi, fitsari, faɗowar mabiyiya. Daga nan a ba da abinci, a auna zafin jikin kowane jariri, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 39, a duba cibiya da gaɓoɓi ko akwai kumburi ko ɗingishi. Hantsar uwa ma labari take bayarwa, domin lafiyayyen duƙushi yana shan nono sau da yawa a kowace sa'a, idan ka tarar da hantsa ta cika tam tana ɗiga, to ɗan ne ya rage sha, kuma sau da yawa wannan ita ce alamar farko ta rashin lafiya. Sai likita ya zo zagayensa, a fitar da uwa da ɗa zuwa ƙaramin shinge su kaɗai na 'yan kwanaki kafin a haɗa su da sauran. Ɗakin da aka haihu a ciki kuwa a kwashe shimfiɗarsa gaba ɗaya, a wanke bango da ƙasa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zuba sabon karan alkama. Ba a son garin katako a ɗakin haihuwa saboda yana manne wa jiƙaƙƙen jariri a hanci da cibiya.

Abin da ke sa lokacin ya yi nauyi shi ne haihuwa da barbara a tare suke tafiya. Goɗiya takan sake neman namiji kwana 7 zuwa 12 bayan ta haihu, kuma tunda cikin wata goma sha ɗaya ne, duk wanda ke son ɗa a kowace shekara ba shi da sarari mai yawa. Ga dawakin tsere na jinsin Thoroughbred akwai ƙarin matsi: a arewacin duniya, kamar Kentaki a Amurka da Niyumaket a Ingila da ƙasar Ailan, kowane doki ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, a kudanci kuma kamar Ostireliya ranar 1 ga Agusta. A arewacin, wanda aka haifa a farkon shekara ya fi takwarorinsa girma a ranar gwanjo da ranar tsere, don haka ake kunna wa goɗiyoyin da ba su da ciki fitila tun farkon Disamba har haskensu ya kai sa'a 16 a rana, jikinsu ya ɗauka bazara ta yi, su karɓi namiji a tsakiyar Fabrairu. Dokar wannan jinsi kuma ba ta yarda da ɗura maniyyi da hannu ba, dole a kai goɗiya wurin ingarma, wani lokaci da jaririnta a cikin mota. Bayan kwana 14 zuwa 16 a yi mata hoton ciki, idan tagwaye ne a cire ɗaya, domin goɗiya ba kasafai take iya kai biyu ga haihuwa lafiya ba.

Gonaki da yawa yanzu suna da kyamara a kowane ɗaki da na'urar da ke buga waya idan haihuwa ta fara, wasu kuma suna gwada ɗigon nono da yamma, domin sinadarin kalsiyam da ke cikin nonon yana hauhawa idan lokaci ya kusa. Suna rage wahala, amma a ganina ba su maye gurbin ƙafar mai gadi ba. Kyamara ba ta nuna gumin da ya fara tsatstsafowa a wuya, kuma na ga daren da na'ura ta yi ƙara sau uku saboda goɗiya tana soshe bayanta a bango.

Sabon Ɗan Barga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe lokutan nan a takarda zan liƙa a cikin akwatin kayan haihuwa. Saura tambaya ɗaya, Baba: idan 'yar fari ta ƙi barin ɗanta ya sha, tana kai masa harbi, in shiga tsakani ne ko in ba su lokaci?

Tsohon Mai Gadi ya amsa:

Ka fara bambance tsoro da ƙiyayya. Yawancin 'yan fari hantsar ce ke yi musu zafi, sai su yi ƙara su ɗaga ƙafa, amma suna lasar ɗan suna yi masa gurnani a hankali. Irin wannan ka sa mata ragama, mutum ɗaya ya riƙe ta a jikin bango, ka ɗan tatsi nonon a kwano mai tsabta domin hantsar ta sassauta, wani kuma ya tallafi ɗan ta ƙirji da ɗuwawu ya kai shi wurin, ba tare da danna masa kai ba, domin da ka danna zai turje. Da ya sha sau biyu ko uku takan saki jiki. Wadda kuwa ta kwantar da kunnuwa ta bi shi da haƙora, ka raba su da shinge inda za ta riƙa ganinsa da jin ƙanshinsa, ka ba shi dakashin da ka tatsa a kwalba, ka kira likita ya zo da allurar kwantar da hankali. Kada ka shiga ɗakin irin wannan kai kaɗai, kuma kada ka tsaya tsakaninta da ƙofa.