Don Allah a taya ni Hausar "gauge" da "swatch" a saƙar suwaita, gobe zan miƙa aikin

Mai fassara: Salam jama'a. An ba ni takarda shafi 4 in fassara wa masu koyon saƙa kuma gobe da safe za a buga, ita takardar tana koyar da yadda mace za ta zaɓi irin suwaitar da za ta saƙa da zaren ulun da ya taru mata ba ta taɓa shi ba. Komai ya tafi daidai sai kalma biyu suka tsaya min a wuya, "gauge" da "swatch". Ta farko dai ita ce yawan idon saƙar da hannunki ke fitarwa a cikin santimita 10, ta biyu kuma ɗan guntun da ake fara saƙawa don a auna hakan. Me zan sa?

Uwar saƙa: Ƙanwata ki sa geji ki huta. "Swatch" kuma saƙar gwaji, haka nake ce wa ɗalibaina kuma ba wadda ta taɓa ce min ba ta gane ba.

Ɗan ajin nahawu: Geji kuma? Haba Hajiya, taya za mu duba wa iska? Muna da auna, muna da awo, muna da ma'auni, me ya kai mu aro. Ni dai ma'aunin ido.

Maman Biyu: Ma'aunin ido ai sai a ɗauka gwajin tabarau ne 😂

Uwar saƙa: Kuma Malam ma'auni sunan abin da ake awon da shi ne, wato tef ko rula. Abin da muke magana a kai ba ƙarfe ba ne ba roba ba, sakamakon awon ne. Bari in ba ku misali don ku ga dalilin da ya sa kalmar nan ba ta wasa ba ce. A ce tsarin rigar ya ce ido 22 a santimita 10 da kibiya, wato allurar saƙa, mai kaurin milimita 4, kuma zagayen ƙirji santimita 100 ne, kin ga ido 220 ke nan za ki ɗora. To idan hannunki sakwa-sakwa ne yana ba ki ido 20 kawai, wannan 220 ɗin zai fito santimita 110, riga ta zama buhu kuma ta cinye zare fiye da yadda aka lissafa, ke kuma da ma ragowa kike lallaɓawa ba ki da inda za ki ƙaro irinsa, ko kin samo ma rinin ba lallai ya zo ɗaya ba. Nan ne za ki ga mace ta gama jiki da hannu ɗaya zare ya ƙare.

Mai fassara: Wallahi Anti wannan misalin ya fi wanda ke cikin takardar.

Ɗan ajin nahawu: To na janye ma'auni. Amma na samo wadda ta fi, TSAURIN HANNU. Ku duba da kyau, a Ingila ma "tension" suke cewa, Amurkawa ne ke cewa "gauge", kun ga ke nan asalin maganar tsauri ne da sassauci. Tsaurin hannu, kalma biyu, Hausa tsantsa, ba bashin kowa a kanmu.

Maman Biyu: Mai tsaurin hannu ai marowaci za a ji Malam.

Ɗan ajin nahawu: Wannan maƙo ne ko rowa, daban. Matsalarmu ke nan, da an kawo tamu sai a yi dariya, in ta Bature ce a rungume. Haka harshe ke mutuwa muna kallo, yau geji gobe ba wanda zai san awo.

Tsohon ɗan jarida: Malam a hankali. Ita kanta maganar da muke yi, ulu daga ina ya zo? Suwaita fa? Allura da kake gani kamar da ita aka haife mu daga Larabci ta shigo, ba wanda ya mutu. Geji ya daɗe a bakin direbobi da makanikai har an san abin da ake nufi in an ce abu ya wuce geji, ya zama ɗan gida. Mu da muka yi aikin labarai abin da muka koya shi ne kalmar da sai ka tsaya ka yi mata bayani sau uku ba ta yi maka aiki ba.

Ɗan ajin nahawu: Suwaita ma ai rigar sanyi ce, ku ne dai ba ku so.

Uwar saƙa: Rigar sanyi ta haɗa da jaket da kwat da duk abin da za ka yafa, in na ce wa ɗaliba saƙo min rigar sanyi sai ta tambaye ni wace iri. Kuma tsaurin hannu rabin magana ne, don ba hannu kaɗai ke kawo adadin ba, kaurin zare da girman kibiya duk suna ciki. Hannu ɗaya, ki canja kibiya daga milimita 4 zuwa 5, lissafi ya canja. Shi ya sa in ido ya yi kaɗan ake komawa ƙaramar kibiya, ba cewa ake ki ƙara ɗaure hannu ba.

Mai fassara: Don Allah a dawo kan layi dare na yi 🙏 Akwai ma inda takardar ta ce a saƙa gwajin ya kai kamar santimita 15 a wanke a shanya a kwance kafin a auna tsakiyarsa, saboda ulu na canjawa in ya sha ruwa. Ke nan in ce "ki yi saƙar gwaji ki duba gejinki"?

Maman Biyu: Ya zauna daram. Ki tabbatar kin fassara wajen da ke cewa a ɗora zaren a sikeli tukunna, dunƙule yawanci giram 50 ne ko 100 kuma tsawonsa na jikin takardar da ke naɗe da dunƙulen, suwaitar babba kan ci mita 1000 ko fiye in zaren matsakaici ne. In bai kai ba a yi mara hannu, ko a faro daga wuya a sauko ƙasa yadda duk inda zare ya ƙare nan riga ta tsaya, ko a haɗa launuka a yi ratsi-ratsi.

Ɗan ajin nahawu: Saƙar gwaji na yarda da ita, Hausa ce. Geji dai ban sa hannu ba. Aƙalla ki rubuta "awon saƙa" a farko, in ya so ki bi da gejin naku.

Uwar saƙa: Awon saƙa ba laifi, sai dai za su ɗauka awon jiki ne irin na tela. Amma sa, in dai zai bar mu mu kwana.

Mai fassara: To na rubuta "gejin saƙa, wato awon yawan ido a santimita 10" a shafin farko, daga nan geji kawai har ƙarshe. Na gode ƙwarai. Saura "ribbing", wannan saƙar mai talewa ta bakin hannu da wuya, wa ke kusa?

Ɗan ajin nahawu: Ina da kalma.

Maman Biyu: Mun shiga uku.