An jefi ƙanwata da kalmar "lesbiyan" a wajen biki, don Allah ina neman haske

Maman Hanif, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 23, gyaran waya take yi a shagon wani ƙanen babanmu. Tun tana ƙarama ba ta wasan 'yar tsana, sai kwance rediyon Baba. Muryarta na da kauri, tafiyarta da sauri, mashin ɗin yayanmu ma tana hawa in aike ya taso. Hijabinta har ƙasa, amma lalle da jan baki sai an yi da gaske.

Ranar Asabar a wunin bikin wata 'yar ajinsu a Rafindadi, wata yarinya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ai wannan lesbiyan ce, ku duba zamanta." Aka kwashe da dariya. Kafin Litinin maganar ta isa gidan yaron da ya kawo kayan na-gani-ina-so, sun aiko wai a ɗan dakata. Hajiyarmu tun ranar ko tuwo ba ta iya ci.

Tambayata: wai mace mai yanayin maza ita ce 'yar madigo? Kuma ita wannan kalma da yara suka ɗauko a waya, daga ina ta fito, ɗaya suke da madigo?

Malam Na-Kusugu, Daura:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya kawo sauƙi. Tarihi nake koyarwa, ki yi haƙuri in na ja zance.

Kalmar sunan wuri ce tun asali. Lesbos tsibiri ne na ƙasar Girka, dab da gaɓar Turkiyya. Kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) an yi wata mawaƙiya a can, Safo, wadda a wasu baitocinta take begen mata. Yawancin waƙoƙin sun ɓace, guntattaki suka rage. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka tsayar da sunan tsibirin a kan ma'anar da aka sani yau. Mutanen tsibirin har gobe da sunan ake kiransu, mazansu da matansu.

Abin da ya fi shafar ƙanwarki shi ne abin da likitocin wancan lokaci suka rubuta. Krafft-Ebing a 1886, da Havelock Ellis na Ingila a 1897, sun ɗauka cewa macen da ke son mace 'yar uwarta tamkar namiji ce aka sa a jikin mace. Don haka suka shiga neman alama a murya, da aski, da shan taba, da sutura. A 1928 wata marubuciya, Radclyffe Hall, ta fitar da labarin wata mace mai sunan maza da shigar maza, kotu ta haramta littafin a Ingila, haramcin kuma ya ƙara masa suna. Hoton da yarinyar nan ta biki ta ɗora wa ƙanwarki, daga can ya gangaro, ita kanta ba ta sani ba.

Su kansu masu abin ba su taɓa yarda da juna a kan hoton ba. Ƙungiyarsu ta farko a Amurka, wadda aka kafa a San Francisco a 1955, cewa take wa 'ya'yanta su yi shigar mata tsaf don kada a tsangwame su. A mashayun leburori kuwa, a shekarun nan dai, wasu na shigar maza, abokan zamansu na caɓa ado. Daga baya wata Bafaranshiya, Monique Wittig, ta ce su ba ma "mata" ba ne, don a ganinta kalmar mace an gina ta ne a kan zama ƙarƙashin namiji. Wasu cikinsu suka ce ta yi nisan kiwo, su mata ne cikakku.

A nawa fahimtar, madigo a Hausa sunan aiki ne, abin da aka yi. Ita kalmar Turawa ta zama sunan mutum, yadda yake kallon kansa ko da bai aikata komai ba. Yaranmu sun haɗa biyun, sun ƙara da na uku, wato kamanni.

Mu Daurawa kuwa ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan haɗin. Mata ne suka yi ta sarautar garin nan har zuwa Magajiya Daurama, kafin labarin Bayajida da rijiyar Kusugu. Mace mai kamar maza a bakin kakanninmu kirari ne.

Malama Ummu Sumayya:
Malam ya yi bayani, ni ta fuskar addini zan ɗan ƙara. Abin da littattafan fiƙihu ke kira sihaƙ, wato madigo, haramun ne, babu saɓani. Amma a Malikiyya hukuncinsa ta'aziri ne, wato horon da alƙali ke yankewa bayan hujja, ba 'yan biki ba. Hadisin da ya hana mace kamanceceniya da maza babi ne daban, kuma riƙe sukundireba bai shiga ciki ba. Murya halitta ce. Ita wadda ta yi furucin a karanta mata aya ta 12 a Suratul Hujurat. Wani zaton zunubi ne.

Barista A.:
Hajiya, kada ki ɗauki abin wasan yara. Tun Janairun 2014 da Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ne ga masu auren, 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna irin wannan alaƙa a fili, ga kuma dokokin shari'a na jihohinmu. Dokar ba ta ce komai a kan tafiya ko murya ba, amma kan titi ba a karanta doka. In akwai wanda ya rubuta maganar a WhatsApp, ki ɗauki hoton saƙon ki adana. A fara da manya, a je gidan su yarinyar ta janye a gaban shaidu.

Baƙuwa:
Ban sa sunana ba, ku gafarce ni. Makarantar kwana na yi. A ɗakinmu akwai wata doguwa mai buga ƙwallo, duk makaranta ita ake nunawa da baki. An taɓa zazzage akwatinta a tsakar ɗaki, garin kwaki da sabulun wanki suka watse, ba a samu komai ba sai wasiƙar kakarta. Yanzu 'ya'yanta biyar.

Wadda abin yake ranta da gaske kuwa ƙawata ce, ita ce mai yi mana kitso, ba ta fita sai da kwalli. Bayan shekara goma sha, da aurenta da goyonta, ta faɗa mani a kicin tana yanka albasa, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ba ta taɓa aikata komai ba, kuma ba ta taɓa jin daidai ba. Ban san me zan ce ba, na karɓi wuƙar na ci gaba da yankan. Har yau muna zumunci.

Maman Hanif, kin tambayi ƙanwarki yadda take ji da abin da aka yi mata? Duk bayaninki Hajiya ce ba ta cin abinci.

Maman Hanif, Ƙofar Ƙaura:
Na gode maku duka. Baƙuwa, kin kama ni, wallahi ban tambaye ta ba. Ɗazu da la'asar na je shagon da hujjar wayata ba ta caji. Ta buɗe, ta hure, ta ce datti ne kawai, Yaya. Na ce ki zo gidana ki kwana yau, Hanif na cigiyarki. Ta ce sai ta gama haɗa sikirin ɗin wani mai Keke Napep, zai zo karɓa bayan magariba. Kawu ya ce gobe da safe za su je gidan su yarinyar da liman.