Shin Yuriya Ce Ke Gajiyar da Filin Ciyawa?

Malam Haruna, Gumel: Shekara huɗu ke nan ina zuba yuriya a filin kyasuwar da nake yanka wa shanuna. A daminar farko ciyawa ta kai mini ƙirji, bana kuwa, duk da na ƙara buhu guda, ko gwiwa ba ta wuce ba, kuma da na tumɓuke gindi ɗaya sai na ga saiwoyin gajeru, sun dunƙule. Ni dai na ce yuriya kashe ƙasa take yi.

Alhaji Sani, Ɗambatta: Malam Haruna, ban yarda ba. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, kuma babu abin da ciyawa ke so kamarsa. A tuhumi ruwan bana tukuna.

Malam Idris, malamin gona: Alhaji, da gaskiyarka a kan naitirojin, amma saiwoyin nan abin dubawa ne. Idan yuriya ta narke, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna sarrafa ta, wannan aikin kuwa yana barin tsami, kuma jigawa irin tamu, mai yashi da ƙarancin ruɓaɓɓen taki, ba ta da ƙarfin shanye shi. Da zarar ma'aunin tsami (pH, wanda saukarsa ke nuna ƙaruwar tsami) ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyon da ke cikin ƙasa yakan narke ya hana saiwa miƙewa, fosfaras, wani abincin shuka, ma ya ɗaure, saiwa ta kasa shan sa. Ga shi duk yankan da aka kwashe yana tafiya da kalsiyam. Maganin shi ne garin farar ƙasa, a cuɗa shi da ƙasa kafin damina, domin ba ya aiki nan take.

Malam Bala, Kura: Ranka ya daɗe, kada a mayar da farar ƙasa maganin kowa. A wasu filayen ban-ruwa na Kadawa kanwa ce ke tasowa fari fat, wanda ya zuba farar ƙasa a can kuwa ya ƙara wa kansa wahala.

Malam Idris: Haka ne, shi ya sa awon ƙasa yake gaba da sayen komai.

Baba Ɗanjuma, Maigatari: Yarana, tokar murhu da kashin shanu muke kaiwa gona tun muna samari, toka kuwa tana kashe tsami. Haruna, ka bar kyasuwa a wannan filin ka dasa gamba, ita ba ta cika damuwa da tsami ba.

Alhaji Sani: Baba, tokar gida nawa za ta ishi eka uku? Ni har yanzu sai na ga sakamakon awo kafin na ɗora wa yuriya laifi.